Ƙarya tana ƴaƴa, in an san hanya

Cikin watan Maris da Afirilu gonaki sun zama fili, ciyawa ta ƙare, rana tana dukan ƙasa ba tausayi. A daidai wannan lokaci ne wata ƴar itaciya take yin ado. Ganyenta ya zube, rassanta sun tsaya kamar yatsu, amma a bakin kowane reshe ga fure mai ruwan hoda, tsakiyarsa fari. Gindinta kumburarre ne kamar tulu. Wanda ya hange ta daga nesa sai ya ce jaririyar kuka ce. Sunanta ƙarya.

Mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa sun daɗe da saninta. Ana ganinta ƙofar gida, ko bakin rijiya, ko filin lakkol. Amma yanzu ta shiga tukunya. Matan aure, da ma'aikatan da suka huta da aiki, da masu gadi, da ƴan makaranta suna jera ta a tsakar gida tare da wasu furanni. Suna ba juna reshe kyauta. Suna aika wa ƴan uwa daga gari zuwa gari cikin mota. Wasu suna yi musu dariya, suna cewa fure ba ya shiga tukunyar miya. Gaskiya ne. Amma goro ma ba ya ƙosar da ciki, kuma ba a raina wanda ya kawo shi. Reshen fure shi ma abin zumunci ne, kuma ya fi goro daɗewa.

Daga tsakar gida zuwa ƙasashen waje

Ƙarya ɗiyar ƙasashen rani ce. Tana fitowa da kanta tun daga Senegal har Sudan, ta gangara Afirka ta gabas, ta ƙetare zuwa kudancin ƙasar Larabawa. Dangi ɗaya suke da tumfafiya, da kuma kwankwani wanda maharban da suke dafin kibiya da shi. Ƙaton gindin nan nata rumbu ne. Ruwan damina take tarawa ciki, ta riƙa sha sannu sannu har rani ya wuce.

Wani masanin tsirrai mutumin Suwidin, mai suna Forskal, ya gamu da ita a ƙasar Yaman, inda ya rasu a shekarar 1763. An buga bayaninsa a 1775. A 1819 masana suka raɗa mata suna Adeniyum, sunan da ake dangantawa da Adan ta ƙasar Yaman. A 1916 wani likita Bature mai suna Dalziyel, wanda ya yi aiki a arewacin Najeriya, ya buga littafin sunayen itatuwa da Hausa, ƙarya tana ciki. Turawa kuwa furen hamada suke ce mata.

Daga ƙarshen ƙarni na 20 sai mutanen Tailan da Taiwan da Indiya suka mai da ita sana'a. Suka yi ta haɗa iri da iri. Yau akwai ƙarya ja wur, akwai fara fat, akwai mai zane-zane, akwai mai fure ninki bisa ninki. Suna wanke saiwarta, su naɗe ta cikin takarda, su sa kwali, jirgin sama ya kai ta Amurka da Turai. Can ƙasashen sanyi sai an shigar da ita ɗaki, an ajiye ta bakin taga, ana lallaɓa ta kamar jinjiri, don sanyin ƙanƙara yana kashe ta. Abin da wasu suke biyan kuɗin jirgi don su samu, ga shi nan bayan darni, awaki suna gilmawa ba su ko dubansa.

Me ya hana ta ƴaƴa?

Kowa ya san karin maganar nan: ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. Magabata sun lura da kyau. Itaciyar takan cika da fure shekara da shekaru, ba a ga kwanso ko guda ba. To amma laifin ba nata ba ne ita kaɗai.

Ga yadda abin yake. Wani ya kawo ƙarya guda cikin gari. Maƙwabci ya roƙi reshe ya dasa. Shi ma wani ya roƙe shi. Bayan shekara 20 unguwa ta cika da ƙarya, amma duka jikin uwa ɗaya ne aka rarraba. Ita kuwa ƙarya, mafi yawanta ba ta ɗaukar ciki da garin furen kanta. Sai an kawo mata gari daga wata itaciya dabam, wadda ba reshen uwarta ba ce. Bayan haka kuma garin yana ɓoye can ƙasan fure, inda sai ƙwari masu dogon baki suke kaiwa. In babu baƙuwar itaciya kusa, ko babu ƙwarin, fure ya bushe ya faɗi a banza.

Nan ne amfanin aike yake. Reshen da ya fito daga wani gari mai nisa, daga wata uwa dabam, shi ne angon da unguwa take jira. Masu dabino na Ingal sun san irin wannan aiki, don da hannu suke ɗaukar furen namiji su kai wa mace. Mai ƙarya shi ma yana iya haka. Da safe ya tsaga furen itaciya ta farko ta gefe guda. Zai ga wasu zare 5 da suka haɗu a ƙasa kamar ƴar bukka. Ya buɗe bukkar a hankali, ya lakato garin da tsinke mai tsini. Sai ya buɗe furen itaciya ta biyu haka nan, ya shafa garin a ƙarƙashin ɗan kan da ke tsakiya. Ba kullum ake dacewa ba. A gwada fure da yawa.

In abin ya kama, kwanso 2 za su fito tare kamar ƙahonin sa. Suna ɗaukar wata 2 zuwa 3 kafin su nuna. Tun ba su fashe ba a ɗaure su da zare, ko a rufe su da guntun gidan sauro. Dalili, kowace ƙwaya tana da gashi kai da gindi, irin na tumfafiya. Ranar da kwanso ya buɗe, iska ta kwashe su ke nan. A cire gashin, a shuka ƙwayar a kwance cikin rairayi mai laima, a rufe ta kaɗan. Sabon iri yana tsira cikin mako guda. Tsohon iri kuwa ƙarfinsa yana raguwa da sauri, saboda haka kada a ajiye shi har shekara ta zagayo.

Akwai bambanci tsakanin ƴar iri da ƴar reshe. Wadda aka shuka da iri ita ce take yin ƙaton gindi tun tana ƙarama, amma launin furenta ba lalle ya bi na uwar ba, kuma sai an yi haƙurin shekara 1 ko 2 kafin a gan shi. Wadda aka dasa da reshe launinta na uwar ne sak, tana saurin fure, amma gindinta yana jinkirin kumbura. Don a haɗa alherin biyu, gwanaye sukan yi mata aure kamar yadda ake yi wa mangwaro: gindi na ƴar iri, kai na reshen da aka zaɓa.

Tukunya da ƙasa da ruwa

Tukunyar ƙasa ta fi gwangwani da roba, don tana numfashi kuma ba ta dafa saiwa da rana. Maginan Mirya da na Bubon suna gina masu kyau. Amma ko tsohon tulu da ya tsage ya isa. Sharaɗi guda ne: a huda gindinsa, ruwa ya sami hanyar fita. A ɗora tukunya bisa bulo ko duwatsu don gara.

Ƙasar laka ba ta yi wa ƙarya. A auna kwano 2 na rairayin gulbi mai tsakuwa, kwano 1 na takin da ya ruɓe sarai, kwano 1 na gawayi da katanga da aka farfasa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Wajen dasawa kada a binne kumburin gindin, a bar shi waje ya sha iska.

Ƙishirwa ba ta cika kashe ƙarya ba. Yawan ruwa ne ajalinta. Kafin a ba ta ruwa a tura yatsa cikin ƙasa. In akwai laima a bari sai gobe ko jibi. Lokacin ɗari, cikin Disamba da Janairu, barci take, sai a rage ruwa ƙwarai. Cikin Agusta, in ruwan sama ya yi yawa, a ja tukunya ƙarƙashin rumfa. In an taɓa gindi aka ji ya yi laushi, kuma ƙasa jiƙe take, ruɓa ta shiga. A tumɓuke ta, a yanke duk wurin da ya yi baƙi, a bar ta ta sha iska cikin inuwa mako guda, sannan a sake dasa ta cikin busasshen rairayi.

A garin da mata suke tafiya mai nisa neman ruwa, ba daidai ba ne a zuba wa fure ruwan sha. Ruwan alwala da ruwan ɗaurayar hatsi sun isa. Banda ruwan wanki mai sabulun gari ko jabel. Kada kuma a bar ruwa ya kwanta cikin faranti ƙarƙashin tukunya, don sauro yana haihuwa ciki.

Ƙarya tana son rana. Wadda aka kulle cikin ɗaki mai duhu sai ta yi tsawo siriri, ba fure. In darɓa ta kama ta, ko farin ƙwaron nan mai kama da auduga, a daka ƴaƴan bedi, wanda wasu suke ce wa dogon yaro, a jiƙa su kwana guda, a tace, a yayyafa da maraice.

Abokan zamanta

Ba ƙarya kaɗai take cikin tukwane ba. Akwai bugambil mai hawa katanga, wadda asalinta Burazil ne. Abin da ake gani ja ko fari a jikinta ganye ne mai launi, furen gaskiya ɗan mitsitsi ne fari a tsakiya. Akwai wata ƴar ciyawa mai kitse, purpiye, ita ma daga Amurka ta kudu, wadda furenta yake buɗewa da hantsi ya rufe da rana ta yi sanyi. Guntunta kamar yatsa ya isa ya cika kwano. Akwai kuma perbansh ta tsibirin Madagaskar, mai fure fari ko ruwan hoda, wadda daga jikinta masana suka fitar da magungunan cutar daji tun shekarun 1950. Wannan aikin masana ne. Tafasa ganyenta a gida a sha ganganci ne, don tana da dafi. A Yamai masu pepiniyar na bakin kogi da na gefen manyan tituna suna sayar da waɗannan duka.

Kyautar reshe tana da ladabi

Ba a karyar reshen mutum a ɓoye. A yi sallama a roƙa. Mai itace shi ya san reshen da ya ƙosa, shi ne kuma zai yanke da wuƙa mai kaifi. Reshen da aka fizge da hannu yana barin rauni, ruɓa ta shiga uwar. Wanda aka ba, in nasa ya girma, ya tuna da mai kyautar. Wata rana akuya ko ruɓa za ta gama da uwar, sai a je gidan da aka kai ɗiyar a karɓo. Don haka masu kiwon fure suka san cewa itacen da aka raba shi ne ba ya ɓata. Wanda ya hana, ranar da nasa ya mutu iri ya ƙare.

Yadda ake aika ta cikin mota

A ce wata uwa a Tasawa tana son ta aika wa ɗiyarta da ke aure a Yamai. Tafiyar ta fi kilomita 750, ta Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Kuskuren da aka fi yi shi ne na tausayi. Uwar ta yanki reshe da asuba, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ta ƙulle cikin leda don kada ya ji ƙishirwa. Cikin zafin bazara, lokacin da awo yake wuce digiri 40, ledar ta zama tukunyar dambu. Ɗiya ta kwance saƙo ta tarar da abu baƙi yana wari.

Ga hanyar da ta dace. A daina ba uwar itacen ruwa mako guda. A yanki reshe mai kaurin babban yatsa, tsawon santimeta 20 zuwa 30. A cire ganye da fure. A barbaɗa toka ko garin gawayi a bakin yankan. A jingine reshen cikin inuwa kwana 3 zuwa 7, har bakin ya bushe ya yi ɓawo. Sannan a naɗe shi da busasshiyar takarda, a sa cikin kwali, a cusa takarda gefe da gefe don kada ya yi ta kai da kawowa, a huda kwalin wuri 4 ko 5. In itaciya guda ce mai gindi, a zare ta daga tukunya, a wanke ƙasar, a bar saiwar ta bushe, a naɗe ta haka nan. Tukunya da ƙasa nauyi ne na banza, kuma tukunya ba ta jure hanya.

A rubuta ƴar takarda a ɗaura wa kowane reshe: launin fure, garin da ya fito, ranar da aka yanke. Ba tare da wannan ba, bayan shekara guda ba wanda zai san wace ce baƙuwa wace ce ƴar gida, ga shi kuwa sanin haka ne yake kawo ƴaƴa. A bayan kwali a rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa da manyan baƙaƙe.

A tasha kada a miƙa saƙo a juya. A yi wa yaron mota bayani: "Ɗana, itace ne mai rai a ciki. Don Allah kada a ɗora masa buhu, kada a sa shi bisa rufi, kada ya kusanci inji." Shi kuwa in ya ce "To Inna, gefena zan ajiye shi," a karɓi lambar wayarsa, a sanar da mai karɓa lokacin da motar ta tashi.

Mai karɓa ya buɗe kwali ranar da ya iso. Ya dasa cikin rairayi, zurfin yatsa guda, ya kafa ɗan tsinke ya tallafe reshen. Kada ya ba da ruwa sai bayan kwana 4 ko 5, shi ma kaɗan. Ya bar tukunya cikin inuwa mai haske mako 2, sannan ya riƙa matsar da ita rana. Kada ya riƙa zaro reshen don ya ga ko ya yi saiwa. Sabon ganye shi zai ba da labari. Lokacin zafi, kafin damina ta kankama, ya fi dacewa da wannan aiki. Reshen da aka dasa cikin ɗari yakan zauna ba motsi har ya ruɓe.

A lura, wannan hanya ta ƙarya ce da sauran masu ajiyar ruwa a jiki. Bugambil da perbansh ba su jure bushewa. Su sai an bar su cikin ƴar ledarsu ta pepiniyar da ƙasarsu mai laima, an tsai da su cikin kwali buɗaɗɗe, kuma tafiyar kada ta wuce yini guda.

In za a ƙetare iyaka

Aika tsiro wata ƙasa yana da doka. Tun 1951 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare tsirrai a birnin Roma, ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana neman takardar lafiyar tsirrai, wadda ma'aikatan kare tsirrai na ma'aikatar noma suke bayarwa bayan sun duba. Ƙasashe da yawa ba su yarda ƙasa ta shigo manne da saiwa ba. Wanda ya ɓoye reshe cikin akwati, ƴan duwan suna iya karɓewa su ƙone.

Dokar tana da dalili. Akwai wata ciyawar ruwa mai kama da kainuwa, wadda ake kira jasent. Asalinta Amurka ta kudu. Kyawun furenta ne ya sa mutane suka yi ta ɗaukarta daga ƙasa zuwa ƙasa. Da ta kuɓuce ta shiga koguna, har da kogin Kwara, sai ta rufe ruwa, ta hana jiragen masunta wucewa, ta toshe hanyoyin ban ruwan shinkafa. Abin ado ya zama annoba.

A kuma yi hattara da masu talla ta waya. Ana turo hoton ƙarya mai fure shuɗi kamar baba, a ce a aiko kuɗi a karɓi iri. Babu ƙarya mai shuɗin fure, hoton ne aka rina. Ko hoton na gaskiya ne, an riga an faɗa cewa ƴar iri ba lalle ta bi launin uwa ba. Wannan ita ce ƙaryar da ba ta ƴaƴa.

Dafi

Ruwan jikin ƙarya yana da dafi mai taɓa zuciya. A wurare da dama na Afirka an yi dafin kibiya da shi, an kuma kashe kifi da shi. Saboda haka wuƙar da aka yanke ta ba ta komawa madafa sai an wanke ta da sabulu. A wanke hannu kafin a taɓa ido ko abinci. A ɗora tukwane inda mai rarrafe ba ya kaiwa. Rassan da aka yanke kada a zubar inda dabbobi suke kiwo. In yaro ya tauna ganye ko reshe, kada a tsaya jiran alama, a kai shi gidan likita nan take, a tafi da guntun itacen a nuna.

Wani abu kuma. Tun da aka gane tana da daraja, wasu sun fara tono manyan ƙarya daga inda suka tsira don sayarwa. Itaciyar da ta yi shekaru tana tara gindi, sa'a guda ta isa a raba ta da wurinta. Babu bukatar haka, tun da kwanso guda yana ba da iri mai yawa.

Tun 1975 ake dashen itatuwa a Nijar ranar 3 ga Agusta. Yaron da ya koyi rainon ƙwaya guda cikin gwangwani, ya san lokacin ruwa da lokacin haƙuri, gobe ba zai bar gawo ko bedi ya mutu a hannunsa ba. To jama'a, wanda yake da ƙarya a gida ya tambayi ɗan uwa na wani gari ya aiko masa da reshe, shi ma ya aika nasa. In baƙuwa da ƴar gida suka yi fure tare, a ɗauko tsinke a gwada. Bayan wata 3 sai a kira tsofaffin unguwa su zo su ga ƙaho biyu a jikin ƙarya.